Ƙungiyoyin farar hula na iya sulhunta ƙasashe maƙwabta, ko taron otal ne kawai?

Ɗanjuma: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, yau dai sai na amayar da shi. Kusan kowane wata sai ka ji wata ƙungiya ta kira taron zaman lafiya da haɗin kai tsakanin ƙasashe maƙwabta. A kama ɗakin taro a otal, a rataya ƙyalle, a sha jawabai, a ɗauki hoto, a fitar da takardar bayan taro, kowa ya sa hannu ya karɓi alawus ɗinsa, a watse. Ni dai a iya sanina masu bindiga ke fara yaƙi, su kuma ke ƙare shi ranar da suka gaji ko aka fi ƙarfinsu. Duk wanda ya san inda farar hula suka taɓa shiga tsakanin ƙasa da ƙasa har abin ya yi tasiri, ya kawo mana, amma da suna da shekara. Ban da "an ce".

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Ɗanjuma, yau da zafinka ka shigo. Ina roƙon abu ɗaya kafin a fara: kada mu taƙaita maganar ga ƙungiyoyi masu ofis da farar mota. Malaman addini, ƙungiyoyin mata, na 'yan kasuwa, na direbobi, na makiyaya, 'yan jarida, dattawan kan iyaka, duk suna ciki. Bismillah.

Hajiya Turai: Tunda suna da shekara kake so, ga su, ƙanena. Koma 2000 zuwa 2001, yankin Kogin Mano, wato Laberiya, Saliyo da Gini. Charles Taylor na mulkin Laberiya, Lansana Conté na Gini, Ahmad Tejan Kabbah na Saliyo. Taylor na ɗaure wa 'yan tawayen RUF gindi a Saliyo, 'yan tawayen LURD masu yaƙarsa kuma ta ɓangaren Gini suke shigowa. A Satumban 2000 aka fara kai hare-hare cikin Gini daga tsallaken iyaka. Conté ya fito ya ɗora laifin a kan 'yan gudun hijira, aka bi bayin Allah da duka da kame a Konakiri. A Maris na 2001 Taylor ya kori jakadun Gini da Saliyo. Conté kuma ya kafe ba zai zauna inuwa ɗaya da Taylor ba.

Ana cikin haka matan ƙasashen uku, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta MARWOPNET a wani taro a Abuja a Mayun 2000, suka haɗa tawaga suka bi shugabannin ɗaya bayan ɗaya. Taylor ya saurare su, ya yarda zai halarci taron ƙoli. Da suka isa gaban Conté, wata dattijuwa 'yar Laberiya, Mary Brownell, tsohuwar malamar makaranta, ta dube shi ta ce dole shi da Taylor su zauna su warware abin da ke tsakaninsu kamar maza, su kuma matan za su kulle su a ɗaki, ita ta zauna a kan makullin har sai hankalinsu ya dawo jikinsu. Da tafinta ya juya maganar zuwa Faransanci sai ɗakin ya yi tsit. Can sai Conté ya fashe da dariya, ya ce mace ce kaɗai za ta faɗa masa haka ta kwashe lafiya. Ya amince. Ranar 27 ga Fabrairu 2002 su ukun suka zauna a Rabat, Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya karɓi baƙuncinsu. A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙungiyar lambar yabonta ta haƙƙin ɗan Adam.

Abin haushin, matan da suka haɗa zaman ba su samu shiga ɗakin Rabat ɗin ba.

Ɗanjuma: Hajiya, labarin ya yi daɗi, amma a ƙarasa shi mana. Bayan Rabat me ya faru? Yaƙi ya ci gaba da abinsa. A tsakiyar 2003 LURD ta iso bakin Monrobiya tana ruwan bama-bamai. Abin da ya fitar da Taylor ranar 11 ga Agusta 2003 a bayyane yake: 'yan tawaye a ƙofar gari, sammacin kotun musamman ta Saliyo da aka bayyana a watan Yuni, sojojin Najeriya da suka sauka a farkon Agusta, jiragen ruwan yaƙin Amurka a gaɓar teku, ga mafakar da Obasanjo ya ba shi a Kalaba. A cikin waɗannan wanne ne ƙungiya?

Barista Hadiza: Ka tsallake wata guda, Malam Ɗanjuma, watan Yuli. An buɗe tattaunawar sulhu a Gana tun farkon Yuni, Janar Abdulsalami Abubakar ne mai shiga tsakani. Makonni suka shuɗe madugan yaƙi na kwance a otal suna ja-in-ja kan wa zai riƙe wace ma'aikata, a gida kuwa ana kwasar gawa. Kafin nan matan Laberiya, Kirista da Musulmi, sun yi watanni suna zaman dirshan cikin fararen kaya a wani fili kusa da kasuwar kifi ta Monrobiya. Leymah Gbowee ce jagora, Asatu Bah Kenneth, 'yar sanda, ita ta tattaro matan Musulmi. Suka biyo taron har Akara, matan da ke gudun hijira a Gana suka ƙaru a kansu. Da haƙuri ya ƙare, kusan mata 200 suka zauna a bakin ƙofar zauren taro suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Jami'an tsaro suka zo kama Gbowee, ta ce za ta tuɓe tsirara a gabansu, suka ja da baya. Daga ranar tattaunawar ta canza salo, aka sa hannu ranar 18 ga Agusta.

Ban musa maka ba, ƙarfin makami ne ya kai su kan teburi. Amma teburin ya yi makonni bai motsa ba. Kuma ka lura, tsarin da matan suka fito daga cikinsa, WIPNET, reshen mata ne na WANEP, ƙungiyar gina zaman lafiya da aka kafa a Akara a 1998 mai rassa a ƙasashen Afirka ta Yamma. Da ba su da 'yan uwa a Gana tun kafin ranar, wa zai sauke su?

Ɗanjuma: Wannan ai yaƙin basasa ne, ni ƙasa da ƙasa na tambaya.

Hajiya Turai: A Kogin Mano ina ka ga layin da ya raba biyun? Ƙabilar Kissi tana Gini, tana Saliyo, tana Laberiya. Mayaƙi ɗaya ya yi yaƙi a ƙasa uku, daga baya ma wasu suka wuce Kodebuwa. Basasar kowace ƙasa maƙwabciyarta ke hura ta.

Baba Ilu: Ku yaran yanzu so kuke a dasa yau a girbe gobe. Bari in ɗauke ku daga Afirka. Faransa da Jamus sun gwabza sau uku cikin shekara 75, a 1870, a 1914, a 1939. A 1950, shekara biyar kacal da ƙare yaƙi, magajin garin Montbéliard na Faransa, Lucien Tharradin, mutumin da ya ɗanɗani sansanin Buchenwald a hannun 'yan Nazi, ya ƙulla ƙawance tsakanin garinsa da garin Ludwigsburg na Jamus. Ku yi tunanin yadda maƙwabtansa da suka rasa 'ya'ya za su dube shi. Amma aka fara: 'yan makaranta su kai ziyara, 'yan ƙwallo su buga wasa, mawaƙa su je su dawo, kowa a sauke shi a gidan mutane. Garuruwa suka yi ta koyi, yau irin wannan ƙawance tsakanin ƙasashen biyu ya haura 2,000.

Shekara 12 bayan haka shugaban Faransa De Gaulle ya tsaya a wannan Ludwigsburg ɗin ya yi wa matasan Jamus jawabi da Jamusanci. Ranar 22 ga Janairu 1963 shi da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Adenauer suka sa hannu a yarjejeniyar ƙawance ta Elysée, suka kafa ofishin musayar matasa wanda miliyoyi suka bi ta cikinsa. A 2003 wani taron matasan ƙasashen biyu ya nemi a rubuta littafin tarihi guda da za a karanta a makarantun Faransa da na Jamus, a 2006 littafin ya fito. Wanda ya san yadda kowace ƙasa ke koya wa 'ya'yanta cewa maƙwabci ne ya fara, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Shugabanni sun zo sun tarar mutane sun riga sun share musu fage, shi ya sa sa hannun bai zame musu abin kunya a gida ba.

Dakta Bello: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a bar ni in ɗan ja. A ƙarƙashin wannan ƙawancen akwai kuɗin shirin Marshall na Amurka tun 1948, akwai tsoron Tarayyar Sobiyet da ya haɗa kan Yammacin Turai, akwai yarjejeniyar kwal da ƙarfe ta 1951 wadda ta sa ƙasashe shida suka haɗa albarkatun da ake ƙera makamai da su. Gwamnatocin biyu sun so sulhun, shi ya sa ziyarar 'yan makaranta ta yi albarka.

Ga inda gwamnatoci ba su so ba: Indiya da Pakistan. Ba na jin akwai iyakar da farar hula suka yi wa wahala kamar wannan. A 1994 aka kafa dandalin mutanen ƙasashen biyu na neman zaman lafiya da dimokuraɗiyya, suna taro wani lokaci a nan wani lokaci a can. Ɗan jarida Kuldip Nayar ya shekara da shekaru yana jan mutane zuwa mashigar kan iyaka ta Wagah su kunna kyandir a daren 14 ga Agusta, lokacin bikin 'yancin kan ƙasashen biyu. Tsoffin janar-janar da jakadu sun yi ta ganawa a bayan fage. A Fabrairun 1999 firaministan Indiya Vajpayee ya shiga bas ya tafi Lahore ta Pakistan, wata uku bayan haka ƙasashen biyu suka gwabza a Kargil, a yankin Kashmir. Harin Mumbai na 2008 ya rushe abin da aka gina. A Agustan 2019 aka tsayar da bas ɗin da jirgin ƙasan da ke haɗa ƙasashen biyu. A Afrilun 2025 Indiya ta jingine yarjejeniyar ruwan Indus ta 1960, wadda ko yaƙoƙin 1965 da 1971 ba su taɓa ba, a watan Mayu kuma aka yi kwana huɗu ana musayar makamai masu linzami. Biza tana hannun gwamnati. Ranar da ta ga dama ta hana, masu neman sulhun sai dai su haɗu a Dubai ko Bankok, su ma masu halin kuɗin jirgi.

Barista Hadiza: Dakta, ka manta da masunta. Kan iyakar ruwa a wajen Sir Creek ba a daidaita ta ba, kullum ana kama masuntan wannan a ruwan wancan, mutum ya ƙare wa'adinsa ya ci gaba da zama a kurkuku don ba wanda ya tabbatar da ɗan wace ƙasa ne. Ƙungiyoyin masunta da lauyoyi da 'yan jarida na ɓangarorin biyu su ke bin sunaye, su nemo iyalai, su matsa. Tun yarjejeniyar 2008 ƙasashen na musayar jerin fursunoni ranar 1 ga Janairu da 1 ga Yuli. Idan Pakistan ta saki masuntan Indiya, gidauniyar Edhi ce ke ɗaukar nauyin tafiyarsu daga Karachi zuwa Lahore. Bai hana yaƙi ba. Amma je ka faɗa wa matar da mijinta ya dawo cewa aikin banza ne.

Dakta Bello: Wannan jin ƙai ne, Barista. Tambayar Ɗanjuma a kan sulhu take.

Sadiya: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ta karatu ban tsoma baki ba, amma ni na yi wannan aikin da hannuna, ina mai sa ido a wani yankin kan iyaka ƙarƙashin wata ƙungiya. Yaya Ɗanjuma, rabin maganarka gaskiya ce, zan kuma dawo kanta.

Aikin ba shi da wani armashi. Kowane mako ka cike rahoto: an sace dabbobi a ina, wace jita-jita ke yawo, an ƙara shingen jami'ai, kasuwar kan iyaka ta ci ko ba ta ci ba, matasa na taruwa da dare ko a'a. Abin da ya fi rahoton amfani shi ne lambobin wayar da ke hannunka na mutanen tsallake. Wata rana da asuba aka kira ni, an kore shanu an ƙetara da su, kafin hantsi samari sun taru da makamai za su bi sawu. Da sun ƙetara, sojan wancan ɓangaren ba zai tambaye su shanu suke nema ko hari suka kawo ba. Na kira abokin aikina na can, shi ya taka da ƙafarsa wurin dagacinsu, dagaci ya kira dillalan kara, don ɓarawon shanu dole ta hannun dillali zai bi. Namu dattijon kuma ya zauna a kan hanya ya ce wa samarin sai dai su bi ta kansa. Kafin mako ya zagayo an dawo da mafi yawan shanun. Ba gidan rediyon da ya ɗauka, don ba a kashe kowa ba.

In kuna ganin ƙaramin abu ne, ku tuna Diawara, a kan iyakar Senegal da Muritaniya. Afrilun 1989, rikicin kiwo a bakin Kogin Senegal, aka kashe manoma biyu 'yan Senegal. Cikin makonni aka shiga kashe-kashe a Dakar da Nuwakshot, aka kwashe dubun dubatar mutane ta jiragen sama kowa zuwa ƙasarsa, Muritaniya ta kori dubban baƙaƙen 'yan ƙasarta, aka yanke hulɗar jakadanci har 1992. Saboda irin wannan ne ECOWAS ta haɗa hannu da WANEP a tsarin gargaɗin gaggawa na ECOWARN, ƙungiyar IGAD ta gabashin Afirka ma tana da nata, CEWARN, tun 2002.

Yanzu rabin naka, Yaya. Rahoto na hawa sama, amsa ba ta saukowa. Idan an kira taron otal, wanda ya iya Turanci ko Faransanci ake gayyata, shugaban tasha da dillalin kara da arɗon da su ne ke kashe wutar suna gida. Ranar da wa'adin shirin ya ƙare kuwa, ko kuɗin katin waya aka daina ba mu. Mun ci gaba da kiran juna daga aljihunmu, har aka gaji.

Ɗanjuma: Yawwa ƙanwata, kin faɗa da bakinki. Zaman lafiyar da ke da wa'adin shekara uku.

Sadiya: Kuɗin ne ke da wa'adi, Yaya. Lambobin har yau suna wayata.

Malam Isuhu: Ina mamakin yadda aka zagaya duniya ba a taɓo 2023 ba. An yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli. Ranar 30 ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda, ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Tawagar farko, ta Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi, ta dawo ba ta ga Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ba. Ƙofar hukuma ta rufe ruf. Wa ya shiga? Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi na Biyu, a lokacin ba ya kan gadon sarauta, ya gana da Tchiani. Ranar 12 ga wata tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi da firaminista Lamine Zeine na sa'o'i. Mako guda bayan haka Abdulsalami ya koma, wannan karon ya ga Tchiani, ya kuma ga hamɓararren shugaba Bazoum.

Me ya sa aka buɗe wa malamai ƙofar da aka rufe wa jakadu? Don ba ranar suka fara sanin hanya ba. Shekara da shekaru suna wa'azi a ƙasashen biyu, ɗalibansu na nan na can. Iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, jihohi bakwai na Najeriya ke jingine da ita: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe, Borno. Limamai a kan mumbari, 'yan kasuwa, ƙungiyoyin matasa, dattawa, duk suka ce ba da yawunsu ba. Majalisar Dattawa ma tun 5 ga Agusta ta ce a bi hanyar siyasa. Shugaban da zai tura soja dole ya lissafa wannan. Ba a yi yaƙin ba. Ɗanjuma, ga suna ga shekara.

Ɗanjuma: Malam Isuhu, malaman nan sai da suka nemi izinin Tinubu kafin su tafi, suka dawo suka kai masa rahoto. Wannan farar hula ce ko 'yan aike? Sannan me suka samo? Bazoum bai fito ba. Takunkumi ya zauna har 24 ga Fabrairu 2024, wata bakwai talaka na ɗanɗana kuɗarsa. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, suka sanar da ficewa a Janairun 2024, suka fice a Janairun 2025. ECOWAS ta koma ƙasa 12 daga 15. Rashin yaƙin ma wa ya tabbatar ba rashin kuɗi da rashin shiri ne ya hana ba, da barazanar Mali da Burkina cewa za su shigar wa Nijar?

Malam Isuhu: Duk suna ciki, ban cire ko ɗaya ba. Amma batun izini, ai mai shiga tsakanin da ɓangare ɗaya kawai ke saurara ba shi da amfani. Darajarsu ita ce Abuja ta yarda su tafi, Yamai ta yarda su shigo. A makon nan mutum nawa ne a duniya ke da wannan?

Dakta Bello: Akwai wani gefen da ba a son faɗa. Farar hula ba kullum ne suke ɓangaren sulhu ba. Ƙungiyar M62 ta Nijar farar hula ce, ita ta cika tituna tana mara wa sojoji baya. A kafafen sada zumunta na ɓangarorin biyu masu zuga sun fi masu lallashi yawa da mabiya. Waɗanda suka far wa baƙi a Dakar da Nuwakshot a 1989 ma ba kaki ne a jikinsu ba.

Sai batun kuɗi da Sadiya ta taɓo. A Nuwamban 2022 Mali ta haramta ayyukan duk ƙungiyar da Faransa ke ba kuɗi, dare ɗaya. A 2025 gwamnatin Trump ta rushe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, shirye-shirye birjik suka mutu a tsaye. Wanda kuma ya tsaya da ƙafarsa ya yi magana yana iya kwana a tsare, kamar yadda aka kama ɗan fafutukar farar hula Moussa Tchangari a Yamai a Disamban 2024. Ƙungiyar da ke cin kuɗin waje, da an yi rikici sai a ce mata 'yar leƙen asiri, kuma jama'a su yarda.

Malam Nura: To ga wanda ba kuɗin kowa a ciki. A 1973, a Lokiriama, kan iyakar Kenya da Yuganda, dattawan Turkana na Kenya da na Matheniko na Yuganda suka gaji da satar shanu da ramuwar gayya. Suka haƙa rami suka binne makamai, suka ɗora alama a wurin. Fiye da shekara 50 ke nan, tsakanin waɗannan ƙabilu biyu alkawarin na nan, har ana bikin tunawa da shi duk shekara. Lokacin fari Turkana na ƙetarawa da dabbobinsu cikin Yuganda. Sai a 2019 shugabannin ƙasashen biyu, Uhuru Kenyatta da Museveni, suka zo Moroto ta Yuganda suka sa hannu a tasu takardar.

Sai dai kada in yi muku rabin labari: yarjejeniyar ba ta ɗaure sauran ƙabilun yankin ba, Jie da Dodoth da Pokot, kuma bindigogin zamani da suka cika yankin bayan faɗuwar Idi Amin a 1979 sun sa hare-haren sun fi na da muni. Ta riƙe waɗanda suka yi rantsuwar ne kawai.

Hajiya Turai: Haka Yenga. Ƙauye ne ƙarami na Saliyo a bakin kogi, sojojin Gini suka shiga lokacin yaƙin RUF da sunan taimako, aka ƙare yaƙi a 2002 magana ta ƙi ƙarewa. Shugabanni sun sa hannu a takardu a kansa ba sau ɗaya ba. Ƙungiyoyi sun yi ta kai-kawo. Wannan kam na bar wa Ɗanjuma, inda soja ya kafa tanti, roƙo ba ya tayar da shi.

Ɗanjuma: Na gode Hajiya, ko ɗaya na samu. Ni har yanzu abin da na gani shi ne suna iya sa a zauna, suna iya jinkirta harbi, amma ba su da abin da za su tilasta wa kowa da shi. Ku dubi Benin da Nijar. Nijar ta buɗe iyakarta da Najeriya a Maris na 2024, ta bar ta Benin a rufe. Benin ta hana lodin man Nijar a tashar Seme, ta kama 'yan Nijar biyar. Sai da tsoffin shugabannin Benin Soglo da Boni Yayi suka je Yamai a watan Yuni aka ɗan sassauta, mai ya ci gaba da fita. Mai ya wuce ta bututu, direban tirela da ɗan tireda kuwa aka bar su a bakin gadar kan iyaka.

Baba Ilu: Soglo da Yayi da wace runduna suka tafi?

Ɗanjuma: Da bututun mai na kusan kilomita 2,000 suka tafi, Baba, wanda kowane ɓangare ke asara in ya tsaya.

Sadiya: Barista, tambaya ta aiki. Makiyaya na da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi ƙarƙashin shawarar ECOWAS ta 1998, matafiya kuma na da yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979. Yanzu da ƙasashe uku suka fita, me mutum zai nuna a shinge? Mutanen da nake hulɗa da su suna tambayata.

Barista Hadiza: Ranar 29 ga Janairu 2025 ECOWAS ta fitar da sanarwa cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, kayansu kuma su ci gaba da bin tsarin cinikin da ake kai, har sai an sanar da wani abu daban. Ƙasashen AES ma sun ce 'yan ECOWAS na iya shiga nasu ba biza. Batun dabbobi ya fi wuya, don tun kafin ficewar wasu ƙasashe sun fara taka shawarar 1998, Benin ta hana shigowar garken waje tun ƙarshen 2019. Ki nemi mutanen Billital Maroobe, gamayyar ƙungiyoyin makiyaya da aka kafa a 2003 daga Nijar da Mali da Burkina, suna da rassa a ɓangarorin biyu na rabuwar, su suka fi bin wannan maganar.

Sadiya: Matsalar jami'in da ke shinge bai karanta sanarwar ba, ko ya yi kamar bai karanta ba. In akwai mai kwafinta, musamman ta Faransanci, ina so in tura wa shugabannin direbobi su buga su riƙe a mota.

Malam Isuhu: Ina da ita, ta Faransanci da ta Turanci. Zan tura miki bayan Isha'i.

Ɗanjuma: A sako ta nan zaure, Malam, akwai direbobi a cikinmu.